Tarkon kwaɗi: yadda masunci zai samu abincin ƙugiya ba tare da kashe kuɗi ba

In damina ta yi nisa, tabkuna sun cika, manomi da yawa yakan zama masunci. Haka abin yake a Madarunfa cikin jihar Maraɗi, a Tabalak cikin jihar Tawa, a Gidimuni cikin jihar Damagaram, da bakin kogi wajen Gaya. Kifin da aka kama yana gyara miyar gida. Wanda ya saura a kai kasuwa, a samu na gishiri da na magani.

Amma ƙugiya ba ta kamu da wofi. Sai an sa mata abinci. Tana tana wuya da zarar ƙasa ta fara bushewa. Sabulu da hanjin kaza sai an saya. Ƙananan kifi kuwa, wanda ya kwashe su bana ya rage ma kansa kifin baɗi. Shi ya sa masunta da yawa suke neman ƙananan kwaɗi. Kwaɗo yana da tauri, ba ya zubewa daga ƙugiya, ƙananan kifi ba su iya tsinke shi.

Wahalar tana wajen kamawa. Galibi yara ake aikawa da dare, da tocila, ba takalmi, su bi cikin ciyawa. Inda kwaɗi suka taru kuwa, can maciji yake zuwa neman abinci. Tarko yana kawar da wannan hatsari. Mutum yana barci a ɗakinsa, tarko yana yi masa aiki. Kuma duk kayan haɗa shi ana samunsu cikin gari.

Kifin da ke cin kwaɗo

Ba kowane kifi ke cin kwaɗo ba. Tarwaɗa ita ce ta farko, da ƴar uwarta ramboshi. Suna da faɗin baki, suna farauta da dare, suna gane abinci da wari da gashin bakinsu ko cikin ruwa mai laka. Gaiwa ma tana cin kwaɗo. Karfasa kuwa bakinta ƙarami ne, abincinta yawanci gansakuka da ƙananan halittun ruwa. Wanda ke son karfasa kada ya ɓata kwaɗonsa.

Halin kwaɗo

Mai son kama dabba sai ya san halinta. Abubuwa 4 ne ya kamata masunci ya riƙe.

Na farko, fatar kwaɗo ba ta jure bushewa. Da rana yana ɓuya cikin ruwa, ko ƙarƙashin ciyawa, ko cikin rami. Sai dare ya yi yake fita kiwo.

Na biyu, kwaɗon da ke kiwo a tudu abin da ke motsi yake kamawa. Ko an zuba masa tuwo ko dusa ba zai kula ba. Ƙwari yake bi. Ƙwari kuma haske suke bi. Saboda haka fitila ita ce ke kiran kwaɗo.

Na uku, in kwaɗo yana tafiya ya ci karo da shinge, yakan bi gefen shingen yana neman ƙofa.

Na huɗu, babban kwaɗo yana shaƙar iska. In aka tsare shi ƙarƙashin ruwa mai ɗumi, ya kasa fito da hancinsa, zai mutu.

Dukan tarkunan biyu da za a bayyana, a kan waɗannan halaye aka gina su.

Wanda za a ɗauka da wanda za a saki

Akwai kwaɗo mai santsin fata, mai dogayen ƙafafun baya, mai tsalle da nisa. Shi ne na ƙugiya. Mai kyau shi ne wanda tsawonsa ya yi kamar babban yatsan hannu, wato santimetir 4 zuwa 6.

Akwai burduddugi, babban kwaɗon ruwa, wanda tsawonsa kan wuce santimetir 10. Ƙananansa suna da kyau. Manyan kuwa a sake su, domin su ne iyaye masu yin ƙwai.

Akwai kwaɗon gida mai kaushin fata, mai ƙuraje a baya, mai gajeren tsalle, wanda ake gani gindin randa. Bayan idanunsa akwai kumburi biyu masu fitar da farin ruwa mai dafi. Ba shi da kyau ga ƙugiya. A sake shi ya koma cin ƙwari. In an taɓa shi a wanke hannu kafin a taɓa ido ko baki.

Akwai kuma wani ƙarami mai jan baya da baƙin gefe. Ruwan fatarsa yana da zafi, balle ga hannu mai rauni. Shi ma a bar shi ya tafi.

Tarko na farko: tulu da shinge

Wannan tarko a tudu ake kafa shi, kusa da ruwa. Ga kayan da ake bukata:

Tsohon tulu mai zurfin kamu guda, wato kamar santimetir 50, wanda hannu ke shiga bakinsa. Ko ya tsage ba kome, tsagar ma tana zurar da ruwan sama.
Tsohon zana, ko asabari, ko tabarmar kaba, guda 2. Kowane ya yi tsawon metir 3, tsayi kamu guda.
Turaku 8 da igiyar kaba.
Sakaina babba ko tsohon faifai, da duwatsu 3.
Tocila ko ƙaramar fitila mai cajin rana.

Tulu ya fi bokiti don dalili biyu. Cikinsa da faɗi, bakinsa ƙarami, kwaɗo ba ya samun hanyar tsallakewa. Kuma yumɓu yana riƙe sanyi. Wanda ba shi da tulu ya samu jarka mai litir 20, ya yanke rami zagaye a samanta, ya huda ƙananan ramuka a gindinta. Amma kada a yi amfani da jarkar da aka taɓa zuba ma fetur, gas, ko maganin ƙwari. Fatar kwaɗo tana tsotse guba, kuma gubar za ta bi ƙasa ta shiga tabki.

Ga yadda ake kafawa:

1. A zaɓi wuri tun da dare. A saurari inda kukan kwaɗi ya fi yawa, a sa alama. Da safe a dawo.
2. A ja baya daga bakin ruwa taki 2 ko 3, inda ƙasa ke da laima amma rami ba ya tsattsafo da ruwa.
3. A gina rami, a sa tulu, a cike gefensa da ƙasa, a daddale. Bakin tulu ya zama daidai da ƙasa. In ya ɗara ƙasa ko da yatsa guda, kwaɗo zai kewaye shi ya wuce.
4. A kafa zana guda a dama, guda a hagu, su bi tsawon bakin ruwa. Ƙarshen kowane ya zo ya tsaya daidai leɓen tulu. Ta haka bakin tulu ya zama shi kaɗai ne ƙofa cikin shingen.
5. A binne gindin zana zurfin yatsa 4, a ɗaure shi ga turaku. Kada a bar kafa ko ɗaya a ƙasa.
6. A share ciyawa gaba da bayan shinge, faɗin tafin hannu biyu, domin kwaɗo ya samu hanya mai sauƙi.
7. A zuba ɗanyen ganye cikin tulu da ruwan tabki kaɗan, wanda bai wuce zurfin yatsa 2 ba. A jefa guntun icce wanda kwaɗi za su hau in ruwa ya ƙaru.
8. A jera duwatsu 3 kewaye da baki, a kifa sakaina a kansu. Tsakanin sakaina da ƙasa a bar kamar santimetir 10. Wannan rumfa tana tare rana da ruwan sama, tana kuma hana kwaɗo tsallake bakin.
9. Da magariba a rataye fitila jikin sanda, kamu guda bisa rumfar. Ƙwari za su taru suna faɗowa ƙasa, kwaɗi su biyo su.

Kada a sa fitilar kananzir ko wata mai harshen wuta kusa da zana. Iskar dare tana iya kada ta, gobara ta tashi.

Kwaɗon da ya fito daga ruwa da wanda ke komawa ruwa, duka za su ci karo da shinge, su bi gefensa, su faɗa tulu.

Tarko na biyu: jarka mai mazurari

Wannan cikin ruwa marar zurfi ake sa shi, tsakanin ciyawa. Dabararsa irin ta gura ce, wadda masunta suka sani: shiga da sauƙi, fita da wuya.

1. A samu jarka mai tsabta da babbar kwalbar roba ta ruwan sha, mai litir 1 da rabi.
2. A yanke kwalbar daga kafaɗa, a samu mazurari. A datse wuyanta har ramin ya yi faɗin yatsa 3, kamar santimetir 5.
3. A kwantar da jarka. A yanke rami a gindinta daidai faɗin mazurarin.
4. A cusa mazurari, ƙaramin baki yana duban ciki. A ɗinke shi da waya ko zaren roba.
5. A ɓangaren da ke duban sama a yanke ƴar ƙofa wadda hannu zai shiga, a bar gefe guda bai yanke ba, a ɗaure ta da waya. A huda ramukan iska da ƙusa mai zafi. A huda wasu a ƙasa don ruwa ya shiga.
6. A ajiye jarka inda ruwa ya kai rabin mazurarin. Kashi 1 cikin 3 na jarkar, ko fiye, ya kasance bisa ruwa, domin kwaɗi su samu iska.
7. A kafa turaku 2 a ɗaure ta, kada iska ta tafi da ita.
8. A kafa guntayen asabari 2 daga bakin mazurari, su buɗe kamar ƙahon sa, su riƙa koro kwaɗi zuwa ƙofa. A rataye fitila a sama.

Wanda ya iya saƙa ba ya bukatar jarka. Yana iya saƙa kwando mai mazurari da tsumagun geza, kamar yadda ake saƙa sauran kwanduna.

Amfanin ƙaramin bakin nan shi ne yana tace kwaɗi. Ƙanana su shiga, manyan iyaye su kasa. Amma ruwan tabki yana hawa yana sauka. In an yi ruwan sama da dare, jarka tana iya nutsewa. Kowace yamma a duba, a matsar da ita inda ya dace.

Duba tarko

Tarko da asuba ake duba shi, kafin rana ta yi zafi. Babba ne zai je, ba yaro ba, kuma da takalmi.

Kada a zura hannu cikin tulu ko jarka sai an haska an gani. Maciji yana bin kwaɗi har cikin tarko. Kunama ma tana faɗawa. A fara haskawa, a motsa ganyen da sanda. Kada a kai fuska kusa da baki, domin gamsheƙa tana tofa dafi a ido. In akwai maciji, a jingina doguwar sanda mai kaushi cikin tulu, a ja da baya, a ba shi lokaci ya hau ya fita.

In ba kome, a kwashe kwaɗi da ludayi mai dogon hannu. A zaɓi na bukata, a saki sauran nan take a wurin.

Ranar da ba za a je su ba, a rufe bakin tulu da dutse mai faɗi, a fitar da jarka daga ruwa. Tarkon da aka bari buɗe ba mai dubawa kabari ne. Kwaɗi za su mutu a banza, wari ya kira tururuwa.

Ajiye kwaɗi da rai

A sa su cikin wani tulu ko ƙwarya, da ɗanyar ciyawa da ruwa kaɗan wanda bai rufe kansu ba. A ɗaure baki da tsumma mai shan iska, a ajiye a inuwa. Hausawa sun ce ruwan zafi ba wurin wasan kwaɗo ba ne. Rana guda cikin roba mai zafi ta isa ta kashe su duka. A sake ruwan kullum. Kada sabulu ya taɓa shi. A raba manya da ƙanana, domin babban kwaɗo yana haɗiye ƙarami. Bayan kwana 2 ko 3, waɗanda ba a yi amfani da su ba a mayar da su tabkin da aka kamo su.

Sa wa ƙugiya

Hanya biyu ce. Ana iya soka ƙugiya daga ƙarƙashin leɓe ta fito ta saman baki. Ana kuma iya soka ta a naman cinya. Kowace aka bi, tsinin ƙugiya ya fito waje. In ya ɓuya cikin nama, tarwaɗa za ta ja ta tofar.

Girman ƙugiya ya dace da girman kwaɗo. Ƙaramar ƙugiya ga babban kwaɗo ba ta kamu. Tarwaɗa tana gane mataccen kwaɗo da wari, muddin sabo ne. Saboda haka wanda ba ya son dabba ta daɗe tana wahala yana iya kashe shi da bugu guda a ka kafin ya soka.

A ɗana ƙugiyoyi da magariba, gefen ciyawa ko gindin itacen da ya faɗa ruwa. A duba da asuba.

Game da addini, akwai hadisin da ya hana kashe kwaɗo, malamai kuma sun sha bamban wajen hukuncinsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malamin garinsu kafin ya fara.

Kada a ƙare kwaɗi

Kwaɗo ma'aikaci ne ga manomi, ba ya karɓar lada. Dare duka yana cin fara, gara, tsutsa da sauran ƙwarin da ke ɓata shuka a fadama da garka. Ƴaƴan burduddugi, wato talibambam, suna cin tsutsar sauro cikin kududdufi. Talibambam kuma abincin kifi ne. In kwaɗi suka ƙare, ƙwari su yawaita, kifi ya rasa wani sashe na abincinsa.

Wannan ba zancen banza ba ne. A Malanbil ta ƙasar Benin, wadda ke tsallaken kogi daga Gaya, an san masu kama manyan kwaɗi da yawa, su busar, su kai kasuwannin kudancin Nijeriya. Irin wannan kwasa, in ta yi yawa, tabki ba ya iya mayar da abin da aka ɗebe.

Ga ƙa'idodi 5 da za su tsare amfanin kowa:

1. Kada a kafa tarko a ruwan farko, cikin Yuni da Yuli. Lokacin ne kwaɗi ke taruwa suna kuka suna zuba ƙwai. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin ƴan kwanaki, talibambam ya zama ƙaramin kwaɗo cikin makonni. A jira Agusta, Satumba da Oktoba, sa'ad da ƙanana suka cika bakin ruwa.
2. A ƙirga ƙugiyoyi, a ɗauki kwaɗi daidai da su.
3. A saki manya.
4. Kada tarko ya daɗe wuri guda. Bayan mako guda a rufe shi ko a canza wuri.
5. Kada a ɗauki kwaɗin wani tabki a sake su a wani. Suna iya kai cuta.

Dokar su ta ƙasar Nijar ta hana zuba guba cikin ruwa don kama kifi. Guba ba ta zaɓe: tana kashe kifi babba da ƙarami, da kwaɗi, tana cutar da dabbobi da mutanen da ke shan ruwan. Kafin a kafa tarko a tabkin jama'a, ya kamata a sanar da sarkin ruwa ko maigari. Wanda ke su don sayarwa ya je wurin ma'aikatan ruwa da daji ya ji zancen takardar izni.

Lafiyar masunci

Tsargiya tana cikin ruwan da ba ya gudu. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwar ruwa, ta shiga ta fatar mutum. Alamarta fitsari da jini. Tarkon tulu ya fi aminci a nan, tunda ba a shiga ruwa. Mai tarkon jarka ya rage daɗewa cikin ruwa, ya sa takalmin roba in yana da shi. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je gidan likita, akwai magani. Kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida a bakin tabki, domin ta nan cutar ke komawa ruwa.

Kurkunu kuwa, a shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta rabu da shi. Amma a ƙasar Chadi an ga cutar tana kama karnuka, kuma a shekarar 2016 masu bincike sun ba da labarin samun tsutsar kurkunu cikin jikin wani kwaɗo a can. Saboda haka kada a jefa ma kare ko kyanwa mataccen kwaɗo ko ɗanyen hanjin kifi. A gina rami a binne. Rigakafi ya fi magani.

In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko munduwa, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa gidan likita maza-maza.

Bayan an gama da kwaɗi, a wanke hannu da sabulu, nesa da tabki, kafin a ci abinci.

Aiki ga masu karatu

Masu koyon karatu a cibiyar yaƙi da jahilci suna iya haɗa kai su kafa tarko guda. Mutum ɗaya ya riƙe kaye. Kowace safiya ya rubuta kwanan wata, yawan kwaɗin da suka faɗa, yawan da aka ɗauka, yawan da aka saki, da kifin da aka kama. Bayan wata guda a karanta gaban kowa. Daga nan za a gane wurin da ya fi, da daren da ya fi.

Ga ɗan lissafi: masunci yana da ƙugiya 30. Yana sa kwaɗo ga rabinsu, tana ga rabin. Yana zuwa su sau 3 a mako. Kwaɗi nawa yake bukata a mako? In tarkonsa ya kama 60 cikin makon, nawa zai saki?

Wanda ya karanta wannan ya karanta ma maƙwabcinsa da bai fara zuwa cibiya ba, musamman mai aiken yara bakin tabki da dare.